Keken dutse: tsoho mai giya 21 ko sabo mai giya 12?

Yau maganar keke za mu yi, kuma kada wani ya ce ai wannan zancen yara ne, domin kuɗin manya ke tafiya a ciki.

Wata maƙwabciyata mai saida kayan miya ta ɗauki adashenta bara, ta ce za ta saya ma ɗanta keke. Niyyarta yaron ya riƙa ɗauko mata tumatir da albasa daga garka da asuba, sannan ya wuce makaranta da shi. A wurin mai saidawa ta tarar da iri biyu na keken nan mai kaurin taya da ake kira VTT, wato keken dutse. Ɗaya tsoho ne ɗan gwanjo, fentinsa duk ya kwaile. Ɗayan sabo fil cikin leda, yana walƙiya, da sifirin gaba da sifirin tsakiya kamar babur. Yaro ya kafe sai sabon, uwa kuma ta bi son ɗa. Ba a yi wata huɗu ba ƙarfen ƙafar baya ya lanƙwashe, sarƙa ta riƙa tsalle, sifirin ɗin tsakiya ya fara kuka kamar ƙofar langa-langa. Har yau keken na jingine a zaure, kaji na kwana a kansa.

A wannan lokacin kuma wani Alhaji da ke sayen kekunan gwanjo da yawa ya nuna mani guda uku da suka faɗo cikin kayansa. Waɗannan ba jabu ba ne, na ainihi ne, ƙirar ƴan shekarun nan, ba nauyi, ka ɗaga da hannu ɗaya. Ya yi murna ya ce ya tsinci dami a kala. Biyu daga ciki sarƙarsu ta gama aiki, ya zagaya wurin masu kayan keke, babu mai irinta. Kuɗinsa na nan kwance.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: ga mai neman abinci da keke a ƙasar nan, tsohon keken dutse na ƙarfe mai giya 18 ko 21 ko 24 ya fi sabon ƙira amfani, ya kuma fi jabun da ke kwaikwayon sabon nesa ba kusa ba. Ba don da tsohuwar zuma ake magani kawai nake faɗa ba. Akwai lissafi a ciki, kuma ɗan kasuwa ba ya tsoron lissafi.

Sai mun san don wa aka ƙera abu kafin mu san ko zai yi mana. Keken dutse a Amurka aka haife shi, a yankin Marin na jahar Kalifoniya, cikin shekarun 1970. Wasu samari ne ke ɗaukar tsofaffin kekunan Schwinn suna gangarowa da su daga kan tudu don wasa. A 1976 suka fara wata tsere da suka sa ma suna Repack, saboda in an sauko sau ɗaya birki ya yi zafi har giris ɗin ciki ya ƙone, sai an sake cusa wani. Daga cikinsu Joe Breeze ya ƙera keke na musamman don wannan aiki, Gary Fisher da Tom Ritchey suka shiga sana'ar, a 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, wanda ya kai abin kantuna. Zuwa 1996 har an sa tseren keken dutse a wasannin Olamfik na birnin Atlanta.

To a shekarun 1980 da 1990 masu ƙira ba su gama rabuwa da tunanin keken yau da kullum ba. Jikin keken na ƙarfe ne, ƙafafunsa inci 26, kuma galibi an bar ƴan ramukan ƙusa a baya inda ake ɗaura kariya. Miliyoyi aka saida a Turai da Amurka da Japan, da yawa ba su taɓa ganin dutse ba, gidan burodi kawai aka je da su. Su ne yau suke iso mu cikin kwantena. Daga baya ƙira ta bi ƴan tsere: jiki ya koma alminiyam, sannan kabon, ƙafa ta girma ta zama inci 29 ko 27 da rabi, aka sa sifirin gaba da baya, aka toshe ramukan kariya. Mai gudu a kan duwatsun Turai ba ya ɗaukar buhun gero, don haka ba wanda ya yi tunanin buhu.

Yanzu mu zo ga giya, inda nan ne ake ruɗa mai saye.

Tsohon tsari yana da faifai uku masu haƙora a gaba wurin feda, da faifai 6 ko 7 ko 8 a ƙafar baya. Uku sau bakwai 21, shi ne lambar da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin keke. Amma Hajiya, kada lambar ta ruɗe ki. Cikin 21 ɗin nan da yawa maimaici ne, wasu kuma ba a so a yi amfani da su don sarƙa na karkacewa sosai ta ci kanta. Waɗanda suka bambanta da gaske ba su wuce goma sha wani abu ba. Sabon tsari ya zubar da faifai biyu na gaba ya bar ɗaya tak, ya tara sauran a baya. Kamfanin SRAM na Amurka ne ya fara da faifai 11 a 2012, ya kai su 12 a 2016, ƙaramin mai haƙora 10, babban mai haƙora 50, kusan faɗin faranti. Shimano na Japan ya biyo baya da nasa 12 a 2018. A 2019 SRAM ya fito da wanda ba shi da waya ma, batir ke sauya giya, sai an yi mashi caji kamar salula.

Mai talla zai ce maka sabon ya fi hawa tudu. Mu auna. Ɗauki tsohon keke mai giya 24, ƙaramin faifan gabansa haƙora 22, babban na baya 32, ƙafa inci 26. In ka juya feda sau ɗaya a giya mafi sauƙi, keke zai tafi kusan mita ɗaya da rabi. Ɗauki sabo mai faifan gaba 32 da babban na baya 52, ƙafa inci 29. Juyi ɗaya, kusan mita ɗaya da rabi. Ɗaya suke. A giyar gudu kuwa, tsohon mai 42 a gaba da 11 a baya yana cin kusan mita 8 a juyi guda, sabon yana cin kamar 7 da rabi. Ashe a kan kwalta tsakanin Maraɗi da Tibiri tsohon ma ya ɗan fi. Abin da sabon ya kawo na gaskiya shi ne sauƙin sarrafawa: maɓalli ɗaya a hannun dama, ba ruwanka da tunanin gaba da baya, kuma sarƙa ba ta cika faɗuwa a gargada ba, don an yi ma haƙoran faifan gaba ƙira ta musamman, wani mai kauri wani siriri, suna riƙe ta. Wannan ci gaba ne, ban musa ba. Tambayata ita ce nawa ake biya, kuma wa ke gyarawa.

Wurin da faifai 7 ko 8 ke zaune a da, kusan nan aka matsa 12. Dole komai ya sirance. Sarƙar giya 8 faɗinta ya ɗan haura milimita 7, ta giya 12 ba ta kai 5 da rabi ba. Zan faɗi gaskiya, sirantaka ba ta nufin rauni, domin masu tsadar cikinsu ƙarfensu na da tauri ƙwarai. Matsalar ita ce tazara. Faifan sun matsu har in ɗan ƙarfen da ke riƙe da masauyin sarƙa ya lanƙwasa kaɗan, giya ta rikice. Kuma wane keke ne a kasuwa ba ya faɗuwa? Akuya ta ture shi, amalanke ya goge shi, yaro ya jingina shi a ɓangaren sarƙa. A tsohon keken ƙarfe mai gyara zai sa sifana ya miƙe wurin da ido, ka ba shi abin goro ka tafi. A sabon, ɗan ƙarfen nan na alminiyam ne, in an matsa miƙe shi ya karye, kuma shekara da shekaru kowane kamfani da irin nasa.

Nan ne ciwon Alhaji yake. Sarƙar giya 6 da 7 da 8 duk ɗaya ce, kowace ta hau kan kowane. Masauyin Shimano na da yana aiki daga giya 6 har zuwa 9. Taya da tib na inci 26 kuwa ko a kasuwar ƙauye ba a rasa su. A sabon tsari faifan SRAM masu ƙaramin haƙora 10 ba su hawa cibiyar ƙafar da aka yi don na Shimano, na Shimano 12 ba su hawa ta SRAM, dukansu biyu kuma ba su hawa tsohuwar cibiya. Ƙarfen tsakiyar ƙafa ma an sake mashi kauri da tsawo, tun 2015 aka faɗaɗa na baya zuwa milimita 148. Ke nan ko ka samu ƙafar gwanjo ba lalle ta shiga ba. Batun kuɗi kuma, jerin faifan baya na SRAM mafi tsada ya haura dala 400, dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba. Sama da jika 200 ke nan a kan abin da ke cinyewa a sake. Akwai masu sauƙi, amma ko su sun ninka na giya 7 sau da yawa, kafin a zo maganar kuɗin mota da na duwan. Tun da aka rufe iyakarmu da Benin a 2023 kaya da yawa suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, kowa a kasuwa ya ga yadda tsawon hanya ke hawa kan farashi.

Sai babban abokin gabar kowace sarƙa a ƙasarmu, wato rairayi. Turawa laka ke damunsu, mu ƙura da rairayi. Ɗabi'armu ita ce mu kwarara ma sarƙa baƙin man mota har ya riƙa ɗiga. Man nan ya kama rairayi, su haɗu su zama kamar dutsen wasa wuƙa, su riƙa cin sarƙa da haƙora dare da rana. Ko sarƙar jika nawa ce haka za ta ƙare. Bambancin shi ne wanda ke da giya 7 zai sake tasa da kuɗin cefanen yini ɗaya ko biyu, mai giya 12 sai ya aika Yamai ko Kano, ya zauna jiran tsammani. Mai kaɗan ake sawa, a bar shi ya shiga, a goge na waje da tsumma. Wannan kaɗai na ƙara ma sarƙa kwana.

Wani zai ce to malam, kai komai na zamani ba ka so? A'a. Abu uku na sabon keke na burge ni. Birkin faifai yana kamawa ko da damina, ko ƙafa ta ɗan karkace, kuma mai saukowa da kaya daga tudun Adar, wajen Keita da Buza, ya san darajar birki. Amma in za a zaɓa, a ɗauki mai aiki da waya, a bar mai aiki da mai, don in iska ta shiga bututunsa sai mai kayan aiki na musamman. Na biyu, taya marar tib da ake zuba ma wani ruwa mai danƙo a ciki, in ƙaya ta huda ya toshe da kansa. Kamfanonin Faransa ne, su Mavic da Michelin da Hutchinson, suka fito da tsarin taya marar tib na keken dutse a 1999. Wanda tsidau ya taɓa sa shi tura keke daga gona zuwa gida zai so wannan. Sai dai ruwan na bushewa cikin ƴan watanni, a zafinmu na bazara ma ya fi saurin bushewa. Na uku faɗin taya. Taya mai faɗi da iska kaɗan ita ce maganin rairayi, kuma ba yau aka gano haka ba: a 1980 wani Bafaranshe mai suna Jean Naud ya tashi daga Damagaram a kan keke mai manyan tayoyi har Tamanrasset ta Aljeriya. Wannan darasi ba sai ka sayi sabon keke ba, tsohon ma yana karɓar taya mai faɗin inci 2 ko sama kaɗan.

Abin da ya ƙara ƙarfafa mani gwiwa kan wannan ra'ayi shi ne abin da masu ƙirar da kansu suka yi. F.K. Day, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa SRAM, wato gidan da ya kawo giya 12, ya kafa ƙungiyar World Bicycle Relief a 2005. Da suka zo yin keke don manoma da ƴan makaranta da ma'aikatan lafiya a ƙasashe irin su Zambiya da Kenya da Malawi, me suka ƙera? Keken Buffalo: ƙarfe zalla, giya ɗaya, kariyar baya mai ɗaukar kilo 100. Da suka ga ana bukatar sauƙin hawa tudu, a 2024 suka fito da mai giya biyu, sarƙa biyu, babu masauyi mai lilo a gefe da zai lanƙwashe. Shi ma Shimano a 2021 ya fito da wani tsari mai suna Linkglide mai kaurin haƙora, ya ce ya fi daɗewa, a 2023 ya gina jerin kayan CUES a kansa don masu hawan yau da kullum. Wanda ya ƙera abu ya fi kowa sanin inda ba zai yi ba.

Har ma zan ce, mai kai kaya cikin garin Maraɗi ko Tasawa, inda ƙasa take shimfiɗe, ba dole ne ya nemi keken dutse ba. Baƙin keken iyayenmu, Raleigh ko Phoenix, giya ɗaya da sarƙa mai kauri, har gobe yana ɗaukar jarka huɗu. Inda keken dutse ya fi shi shi ne hanyar ƙauye, da tudu, da lokacin da iskar hunturu ta tare ka gaba da gaba kana ɗauke da kaya. A nan giya mai sauƙi ke ceton gwiwa. In masauyin gaba ya lalace kuma, kada a kashe kuɗi a kansa. A cire shi, a bar sarƙa a faifan tsakiya, a ci gaba da bakwai ɗin baya. Ka ga ka samu tsarin faifai ɗaya na zamani ba ka biya ko dala ba.

Amma wanda na fi jin haushi shi ne irin wanda maƙwabciyata ta saya. Ba tsoho ba ne, ba sabo ba ne, hoton sabo ne. Araha ba ta ado. Sifirin ɗin tsakiya ba ya tare komai, ƙarfinka yake sha, kana taka feda keke na rawa. Ya hana a ɗaura kariya ta kirki. Ya ƙara nauyi. Kuɗin da aka kashe wurin yi mashi kwalliya daga jikin cibiya da sarƙa da birki aka zare shi. Ku ƴan uwana masu shigo da kaya, na san shi ke tafiya da sauri don shi yara ke nunawa da yatsa. Amma uwar da ta zuba adashenta ta ga keke ya mutu kafin a gama zagayen adashen, ba za ta sake tako shagonku ba, kuma za ta faɗa ma duk matan layinsu. Ku ajiye sarƙa da waya da robar birki da faifan giya 7 kusa da kekunan, cinikin da ke dawowa kowane wata yana nan.

Wanda zai je saye, ga abin da nake yi in aka roƙe ni rakiya. Ina tafiya da ɗan maganaɗisu da tef ɗin tela. In maganaɗisu ya kama jikin keke, ƙarfe ne, ko ya tsage mai walda zai ɗinke shi. In bai kama ba alminiyam ne ko kabon, sai a duba mahaɗai da kyau, domin tsagar alminiyam ba kowane mai walda ke iya ta ba, ta kabon kuwa a manta. Ina duba ramukan kariya a baya. Ina auna sarƙa: daga ƙusa ɗaya zuwa ta 25 inci 12 ne daidai a sabuwa, wato santimita 30 da rabi. In ta ƙaru da milimita ɗaya da rabi, lokacin sakewa ya yi. In ta ƙaru da 3, ta riga ta ci haƙoran baya, sai a rage kuɗin duka biyu daga farashi. Haƙoran da suka yi tsini suka karkata gefe guda kamar ƙayar sarƙaƙiya su ma sun gama.

Abu na ƙarshe da mutane ba su cika lura da shi ba yana cikin ƙafar baya. Iri biyu ne. Akwai wanda faifan duka ake murɗa su a jikin cibiya kamar murfin kwalba, akwai wanda ake zura su a kan wani bututu mai tsaga-tsaga a ɗaure da zobe. A na farko ƙwallayen da ke ɗauke da nauyi suna can ciki, sun bar ƙarfen tsakiya da tsawo ba mataimaki, shi ya sa yake lanƙwashewa ko ya karye in an ɗora buhu. Shi ne ya kashe keken ɗan maƙwabciyata. A na biyu ƙwallayen na kusa da baki, ya fi jure kaya. Tsofaffin kekuna na kirki masu kayan Shimano irin su Deore da Alivio galibi na biyun gare su. Ka sa mai gyara ya cire ƙafar ya juya ƙarfen da yatsa a gabanka, in yana layi ka gani da idonka.

Ita maƙwabciyar tawa adashe zai sake zagayowa kanta bayan salla. Na ce mata ta kira ni ranar, mu biya ta wurin mai facin unguwarmu mu tafi tare da shi, tunda shi zai riƙa gyaran. Alhaji kuma na ba shi shawara ya kai ukun nan Yamai, inda ake samun masu hawan keke don motsa jiki, ya saida su yadda suke, ya faɗa ma mai saye gaskiyar sarƙar.